Tarihin Ƙarancin Cip: Yadda Abin Dala Ɗaya Ya Tsayar Da Motar Dala Dubu Hamsin

Yau ba saitin waya za mu koya ba, tarihi na kawo muku, kuma ga dalili. Kwanaki wani Alhaji mai sayar da motoci ya kawo min wayarsa ta daina caji. Na kwance ta, na nuna masa aisin cajin a kan fanel, ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar masara ba. Da na faɗa masa kuɗin aikin sai ya ce, “Kai yaro, wannan ɗan mitsitsin abin ne zai ci kuɗi haka?” Na ce, “Ranka ya daɗe, irin wannan ɗan abin ne ya sa filayen dilolin motar Amurka suka zama wayam a 2021.” Dariya ya yi, ya ɗauka ciniki nake ja. To ga labarin, daga tushe.

Abin da mu masu gyara muke ce wa aisi, shi ake kira cip. Da silikon ake yin sa, shi kuma silikon daga wani nau'in dutse mai kama da yashi ake tace shi, a yanka shi faifai-faifai, sannan a zana ƙananan makunnan lantarki a kai da haske. Su waɗannan makunnai sunansu transista, aikinsu kunnawa da kashewa kawai, amma in suka taru da yawa sai su yi lissafi. Ƙwaƙwalwar iPhone 13 kaɗai tana ɗauke da transista biliyan 15. A ƙarshen 1947 aka ƙirƙiro transista a ɗakin binciken Bell a Amurka. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya haɗa da'irar lantarki gaba ɗaya a kan guntu ɗaya, a 1959 Robert Noyce na Fairchild ya fito da tasa hanyar a kan silikon. Shi Noyce ɗin ne ya kafa Intel a 1968 tare da Gordon Moore. Kun ga ke nan sana'ar 'yar Amurka ce haifaffiya. Japan ta taso musu a shekarun 1980 har ta kere su a cip ɗin memori, aka yi ta rigima, sai a 1986 suka ƙulla yarjejeniyar ciniki. Wato siyasa a harkar cip ba yau aka fara ba.

Amma mutumin da ya sauya taswirar gaba ɗaya sunansa Morris Chang. A Chaina aka haife shi a 1931, ya yi karatu a Amurka, ya yi wa Texas Instruments aiki shekara 25. A 1985 gwamnatin Taiwan ta gayyace shi, a 1987 ya kafa TSMC a garin Hsinchu, da kuɗin gwamnati da na kamfanin Philips na Holan. Dabarar da ya zo da ita mai sauƙin faɗa ce. Kafin shi, duk mai son yin cip sai ya zana kuma ya gina masana'antarsa. Shi kuwa ya ce ba zai zana nasa ba, ba zai yi gasa da kowa ba, kowa ya kawo zanensa ya buga masa. Kamar mai injin niƙa ne a unguwa: ba ya noma, ba ya sayar da gari, amma duk gidan da za a tuƙa tuwo sai an bi ta wurinsa. A haka Qualcomm da Nvidia da MediaTek suka girma ba su da masana'anta ko ɗaya, daga baya Apple ma ya shigo layi. Ku duba Tecno ko Infinix ɗin da ke hannunku, galibinsu MediaTek ne a ciki, kamfanin Taiwan, kuma mafi yawan cip ɗinsa TSMC ke bugawa.

Sannu a hankali aikin ya tattare a wurare kaɗan. A 1990 Amurka ce ke ƙera kashi 37 cikin ɗari na cip ɗin duniya, zuwa 2020 ya dawo kashi 12. A lokacin, wajen kashi 90 na cip mafi ƙanƙanta kuma mafi ƙarfi daga Taiwan yake fitowa, sauran daga Samsung a Koriya ta Kudu. Injin da ke zana irin wannan cip kuma kamfani ɗaya tak ne a duniya yake yin sa, ASML, a wani ɗan gari mai suna Veldhoven a Holan. A lokacin ƙarancin, ɗaya yana kai wa dala miliyan 150. Yadda yake samar da haskensa ma abin mamaki ne: ɗigon narkakken kuza yake harbi da lesa, sau 50,000 a daƙiƙa ɗaya. Ni da nake fama da ƙarfen soda da hura iska mai zafi, in na karanta wannan sai in ji kamar wasan yara nake yi a shago.

Ga kuma inda Taiwan ɗin take. Tsibiri ne mai mutum miliyan 23, tsakaninsa da gaɓar Chaina kusan kilomita 160, kamar Kano zuwa Zariya. Tun 1949, da Chiang Kai-shek ya sha kaye a yaƙin basasa ya tsallaka can da mutanensa, gwamnatin Beijing take cewa tsibirin nata ne, kuma ba ta taɓa cire amfani da ƙarfi daga lissafi ba. Amurka kuma ita ke sayar wa Taiwan makamai. To a wannan wuri duniya ta ajiye injin niƙanta.

Mutane da yawa suna cewa korona ce ta kawo ƙarancin. Gaskiya ne, amma kafin korona an riga an fara hura wutar. A watan Mayun 2019 gwamnatin Trump ta saka Huawei a jerin kamfanonin da aka hana sayar wa fasahar Amurka, shi ya sa sababbin wayoyinsu suka rasa Play Store, kun tuna yadda muka yi ta fama da kwastomomi a kan haka. A Mayun 2020 aka ƙara ɗaure igiyar: duk masana'antar da ke aiki da injin Amurka, ko a ina take, ba za ta buga wa Huawei cip ba sai da izini. Aka ba da wa'adi zuwa 15 ga Satumba. Me Huawei zai yi? Ya dinga saye yana jibgewa kafin ƙofa ta rufe. Sauran kamfanonin Chaina suka ga gemun ɗan uwansu ya kama da wuta, su ma suka shiga tara nasu. A Disambar 2020 aka saka wa SMIC, babbar masana'antar cip ta Chaina, nata takunkumin, wasu masu ba ta aiki suka kwashe odarsu suka nufi Taiwan, inda dama layi ya riga ya yi tsawo.

Yanzu mu zo kan masu mota, don a ganina su suka fi kowa kuskure. A watan Maris na 2020 da aka shiga kulle, kamfanonin mota suka rufe masana'antu, suka lissafa cewa ba mai sayen mota bana, suka soke odar cip. Dama tsarinsu shi ne ba a ajiye kaya a sito, sai ranar da za a ɗaura abu ake kawo shi, don kada kuɗi su kwanta. A daidai lokacin kuma duniya ta koma gida: aiki a gida, makaranta a gida, kowa yana neman laftof da tablet da rauta da talabijin. A Nuwamba PlayStation 5 da sabon Xbox suka fito, ga wayoyin 5G, ga masu haƙar kirifto suna wawushe katin hoto. Gurbin da masu mota suka bari, nan take aka cike shi.

Kafin ƙarshen shekara sai cinikin mota ya farfaɗo da wuri fiye da zatonsu. Mutane suna tsoron shiga bas da jirgin ƙasa, gwamnatin Amurka ta raba wa jama'a kuɗin tallafi, ruwan bashi ya yi ƙasa. Masu mota suka dawo da gudu suna neman kayansu, aka ce su bi layi. Kuma ba su da bakin magana, domin a 2020 harkar mota ba ta kai kashi 5 cikin ɗari na cinikin TSMC ba, waya kuwa ta kusa rabi. Wane mai shago ne zai ture babban kwastoma saboda wanda ya soke oda jiya?

Akwai wani abu da ya kamata a gane a nan. Mota ba cip na zamani take nema ba. Motar yanzu tana ɗauke da cip sama da 1,000, a birki, a sitiyari, a jakar iska, a gilas, a ƙwaƙwalwar injin da makanikai ke kira birenbos, amma yawancinsu tsohon yayi ne, masu araha, wasu ba su wuce dala ɗaya ba. Ribarsu kaɗan ce, shi ya sa aka daɗe ba wanda yake zumuɗin gina musu sabuwar masana'anta. Sannan ba a sauya su da garaje. Ni in na rasa aisi zan iya ciro na wata matacciyar waya in gwada, in bai yi ba waya ce kawai ta mutu. Cip ɗin birki kuwa sai an yi wata da watanni ana gwada shi a zafi da sanyi da girgiza kafin a yarda da shi, don rai ne a kai. Shi kansa cip, daga faifai zuwa gamawa yana cin wata uku ko fiye. Sabuwar masana'anta kuma shekara biyu zuwa uku ce, da dala biliyan 10 zuwa 20. Ba abin da kuɗi za su iya hanzartawa a nan.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A Fabrairun 2021 wani mugun sanyi ya kashe wutar lantarki a jihar Texas, masana'antun Samsung da NXP da Infineon na birnin Austin suka tsaya, kuma NXP da Infineon manya ne a cip ɗin mota. Ranar 19 ga Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Naka a Japan, kamfanin da ke riƙe da kusan kashi 30 na ƙananan ƙwaƙwalen mota a duniya, sai wajen ƙarshen Yuni suka dawo daidai. Kwana huɗu bayan gobarar jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez. A Taiwan kuma fari aka yi, irin wanda aka fi shekara 50 ba a gani ba, saboda guguwar da ke kawo musu ruwa ba ta sauka a 2020 ba. Wankin faifan silikon yana shan ruwa ba kaɗan ba, TSMC kaɗai yana amfani da sama da tan 150,000 a rana. Sai da ya koma sayen ruwa a tanka, gwamnati kuma ta tsayar da ban-ruwan dubban hektocin gonaki ta biya manoma diyya. Wannan wurin ya tsaya min a rai wallahi: manomin shinkafa ya haƙura da nomansa don wani a wata nahiya ya samu mota. Da damina ta zo ta wuce, korona nau'in Delta ta rufe masana'antun Malesiya, inda ake naɗe cip a gwada shi kafin a tura.

Kuma tsoro ya ƙara wa abin gishiri. Kun san yadda ake yi in an ce mai zai yi wuya, mai buƙatar lita biyar sai ya zo da jarka uku. Haka kamfanoni suka yi, mai buƙatar dubu ya yi odar dubu biyu a wuri biyu. Ma'aikatar kasuwancin Amurka ta fitar da rahoto a Janairun 2022 cewa ajiyar cip a hannun masu amfani da shi ta faɗo daga ta kwana 40 a 2019 zuwa ƙasa da ta kwana 5. Jiran oda ya haura mako 26.

Toyota ne ya ɗan sha da farko, kuma abin dariyar shi ne su suka koya wa duniya tsarin rashin ajiya a sito. Girgizar ƙasa da ambaliyar 2011 ta koya musu hankali, tun lokacin suka sa masu kawo musu kaya su riƙa ajiye cip na wata biyu zuwa shida. Wannan ya riƙe su har tsakiyar 2021, amma da ta Malesiya ta zo, a Satumba sai da suka rage ƙera mota da kashi 40.

To me ya faru a filin dila? Ford ya dinga ƙera manyan akori-kura yana jera su dubbai a filin tseren motoci na Kentucky, komai ya kammala sai cip, har daga tauraron ɗan'adam ana hango su. General Motors ya cire na'urar ɗumama kujera daga motoci da yawa, a tsakiyar 2022 kuma yana da mota kusan 95,000 a ajiye ba a ƙarasa ba. Peugeot ya mayar da maleji mai allura a ƙirar 308. BMW ya fitar da wasu motoci allonsu ba ya jin taɓi, ya rage wa mai saye dala 500. Kamfanin bincike na AlixPartners ya ƙiyasta a Satumbar 2021 cewa a shekarar za a yi asarar mota miliyan 7.7 da cinikin dala biliyan 210.

Kafin korona dilolin Amurka sukan ajiye sababbin motoci sama da miliyan uku a filayensu, kayan wajen kwana 60. A ƙarshen 2021 abin ya faɗo ƙasa da miliyan ɗaya. Mota tana kan tirela an riga an sayar da ita. Al'adar can ita ce a yi ciniki a rage daga farashin da kamfani ya liƙa a gilas, sai abin ya juye: a Janairun 2022, kamar yadda Edmunds ya lissafa, kashi 82 na masu sayen sabuwar mota sun biya sama da farashin gilas, alhali shekara ɗaya kafin nan ba su kai kashi 3 ba. Kada ku tausaya wa dilolin da yawa fa. Motar ta yi kaɗan amma ribar kowace ɗaya ta ninka, da yawansu ba su taɓa samun kuɗi kamar na wannan lokacin ba, har sai da Ford da General Motors suka gargaɗe su a kan tsawwalawa. Wanda ya ji jiki shi ne ma'aikacin da aka ce ya zauna a gida, da mai saye.

Wanda ya rasa sabuwa sai ya koma kan ta hannu. Kamfanonin hayar mota, da suka sayar da motocinsu a 2020 don su tsira, su ma suka shigo gwanjo suna saye. Zuwa Disambar 2021 farashin tsofaffin motoci a Amurka ya tashi da kusan kashi 37 a shekara guda. A nan ne abin ya taɓo mu, domin yawancin tokumbo da ke sauka a Legas da Kwatano daga waɗannan gwanjon na Amurka ake sayo su. Sai dai in faɗi gaskiya, ba cip kaɗai ya tsadar da mota a nan ba. Dalar da ake saye wajen naira 360 a farkon 2020 ta kai kusan 570 a kasuwar bayan fage a Satumbar 2021, ga kuɗin jirgi, ga kwastan. Duka biyu aka haɗa mana.

Mu ma a teburin gyara mun ɗanɗana. Lokacin ina yaron shago. Sikirin ya yi tsada, don shi ma akwai ɗan cip mai tuƙa shi da ya yi wuya. Na tuna maigidana ya yi odar aisin caji daga wani mai kawo kaya, aka kawo a leda kamar sababbi, ashe cire-cire ne daga tsofaffin fanel aka wanke aka sake musu ƙafa. Kusan rabi ba su tashi ba, mu muka sha zagin kwastomomi. Manya ma ba su tsira ba: Samsung bai fitar da Galaxy Note a 2021 ba, shugaban Apple Tim Cook kuma ya ce ƙarancin kaya ya ci musu kusan dala biliyan 6 a wata uku.

Daga nan gwamnatoci suka farka. Tun Janairun 2021 ministan tattalin arzikin Jamus, Peter Altmaier, ya rubuta wa gwamnatin Taiwan wasiƙa yana roƙon a taimaka wa masu motarsu. Ku duba fa, ƙasar Benz da Volkswagen tana roƙon tsibirin da ko huldar jakadanci ba ta da ita da shi. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren, kamfanoni biyu a Mariupol da Odesa da ke samar da kusan rabin iskar niyon da lesar masana'antun cip ke amfani da ita suka tsaya. Ita Rashar da takunkumi ya kama ta, sai ga Lada tana fitowa ba jakar iska. Farkon Agusta Nancy Pelosi ta sauka a Taiwan, Chaina ta zagaye tsibirin da atisayen soja. Ranar 9 ga watan Biden ya sa hannu a dokar CHIPS, dala biliyan 52.7 don a dawo da ƙera cip gida. Ranar 7 ga Oktoba ya hana sayar wa Chaina manyan cip da injinan yin su, daga baya aka jawo Holan da Japan suka bi sahu. Tarayyar Turai ta yi tata dokar ta yuro biliyan 43. Chaina ta rama a 2023 da taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adanan da ita ce ke samar da mafi yawansu. TSMC ya gina masana'anta a Arizona, ya buɗe wata a Kumamoto ta Japan a Fabrairun 2024, har Toyota ya saka jari a ciki.

Ƙarancin kansa ba dokokin nan ne suka kawo ƙarshensa ba, don lokacin ko bulo ba a gama jerawa ba. Kasuwa ce ta juya. An buɗe gari, wanda zai sayi laftof ya riga ya saya, kirifto ya faɗi a 2022, cinikin waya ya ja baya, sai gurbi ya samu. Zuwa 2023 filayen diloli suka fara cika, ragi ya dawo.

Wani abu kuma, yawancin biliyoyin nan a kan cip na zamani aka zuba su, irin na waya da ƙirƙirarriyar basira. Tsohon yayi mai arahar nan da ya tsayar da motoci, Chaina ce ta fi kowa gina masa masana'antu a 'yan shekarun nan. An ga amfanin hakan a wurinta a ƙarshen 2025. Akwai wani kamfani a Holan mai suna Nexperia, mallakar Wingtech na Chaina, yana yin ƙananan transista da dayod na 'yan kwabbai, irin waɗanda muke gani birjik a kan fanel. A ƙarshen Satumba gwamnatin Holan ta karɓe ikon sa ido a kansa, Chaina ta hana fitar da kayansa daga masana'antarsa ta Dongguan inda ake naɗe mafi yawansu. Cikin 'yan makonni Honda ya tsayar da aiki a masana'antarsa ta Meziko, masu motar Turai suka fara ƙirga kwanakin da kayansu zai kai. Sai bayan da Trump da Xi Jinping suka gana a Koriya ta Kudu ranar 30 ga Oktoba aka sassauta, a Nuwamba Holan ta dakatar da matakinta.

Shi dai Alhaji ya biya kuɗin aisinsa, bayan ya sa na rage masa ɗari biyar.